Kiyashi Bai Zo Ba

"Kada ka taka," in ji Bawa. "Tsuguna nan ka gani da idonka."

Na tsuguna. Mu biyu, manyan mutane masu furfura a gemu, muna bayan rudunsa, rumbun da yake ajiye albasa, da hantsi, mun zuba wa wata jiƙaƙƙiyar ƙasa ido. Fitsarinsa ne. Ya ce tun bayan asuba yake zuwa yana yi a wurin, wannan ne na uku.

"To, ina su?"

"Su wa?"

"Kiyashi mana, makanike. Kai da ka iya karatun takardun Nasara, karanta mini wagga."

Kowa a garinmu ya san wannan gwajin. Mai ciwon suga idan ya yi fitsari a ƙasa, kafin ya gama ɗaure wando kiyashi sun yi layi. Da haka ma Dije matarsa ta gane ciwon shekara huɗu da suka wuce, tun kafin majo, shugabar ɗakin shan maganinmu, ta tsaga masa yatsa ta tabbatar. A ranar kuwa ko ɗaya babu. Na duba dama, na duba hagu, har gindin sandunan da suke ɗauke da rudun. Ƙasar shiru, babu abin da yake motsi a kanta. Na ji wani abu bai yi mini daidai ba, amma ban gane ko mene ne ba.

Sunana Mahamud. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Bawa, a wani gari na gefen Galma wanda ba sai na faɗi sunansa ba. Sana'ata gyaran injin ban ruwa. Ban shiga lekol, makarantar gwamnati, ba, da kaina na koyi boko a jikin kwalayen kayan gyara, kuma ban iya lallashi ba. Idan na ga abu ba daidai ba faɗa nake yi, ko a gaban wa. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin halin kirki.

Maganin Bawa a gidana yake zama. Allura ce, ƙananan kwalabe, kuma majo Salima ta ce zafi yana kashe ta. Babu mai firiji a unguwarmu, ni kuwa ina da bedi babba, itacen dogon yaro mai inuwa, a tsakar gida. Sai muka samu tukunyar ƙasa, muka cika ta da rairayi, muka binne kwalaben a ciki, kullum ina zuba ruwa. Safe da yamma Bawa yakan shigo, ya ɗaga riga, ya tsira wa cikinsa yana mita, sannan ya sha shayina bai gode ba. Ran da ya kira ni bayan rudu, kwana tara ke nan bai taɓa tukunyar ba.

Abin da ya hana shi a salula, wayar hannu, ya shigo. Muna da gurup na 'yan gari, mu da 'ya'yanmu da suke biɗa, wato ci-rani, a Abijan da Libiya. Galibinmu ba sa karatu, saboda haka ba rubutu ake yi ba, murya ake ɗauka a tura, abin da muke kira vokal. Sharifu, ƙanen Dije, shi ya turo wannan daga Abijan. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Muryarsa a kwance take, ba ya gaggawa, kuma a bayansa ana jin wani abu na ɗiga a hankali kamar famfon da ba a rufe da kyau ba. Ya ce shekara ashirin ya yi a gidan haɗa magani a ƙasar Nasara. Ya ce manyan motocin da suke kwasar albasar Adar zuwa bakin teku ba kasuwa suke kai ta ba, jirgi ake loda wa. A can sai a matse ruwanta, a zuba wani abu da zai ɗaure mutum ga allura har mutuwa, a dawo mana da shi a kwalba. Ya ce mu ƙirga, wa ya taɓa fara allurar nan ya warke? Magani na gaskiya yana cikin rumbunanmu: kofi ɗaya na ruwan ɗanyar albasa da safe, ɗaya da yamma.

Ƙarya ce tun daga sallamarta. Amma ni na san inda ta kama Bawa. Shekara talatin yana noman albasa a fadama, bayansa ya lanƙwashe a kanta, kuma babu wanda ya taɓa ce masa abin da yake nomawa ya fi ƙarfin miya. Ga shi wani daga nesa ya ce duniya gaba ɗaya da ita take rayuwa.

Da yammar ranar gwajin muka haɗu a fada, ƙofar shagon tela, mu kusan goma sha biyar. Bawa ya ba da labarin kiyashi. Ni kuwa na tashi masa. Na ce albasa miya ake yi da ita. Na ce mutumin da bai faɗi sunansa ba bai isa a ba shi aron buta ba, balle rai. Da na tsaya nan da ya isa. Sai na ƙara da cewa duk wanda ya bar maganin likita saboda muryar da bai ga fuskarta ba jahili ne, kuma jahilcinsa ya fi ciwonsa.

Bawa ya zaro salularsa, ya kawo ta dab da baki, ya danna da babban yatsa, idonsa a kaina.

"Assalamu alaikum jama'a. Ni ne Bawa mai albasa, na gefen Galma. Shekara huɗu ina pikiri, allurar suga, safe da marece. Yau kwana tara na bari, ruwan albasa kawai nike sha. Na gwada, kiyashi bai zo ba. Ga ni nan, lahiya lau. Wanda ya ji, shi tura ma ɗan'uwanai."

Na buɗe baki in tsayar da shi, na ce, "Bawa." Daidai nan ya ɗaga yatsa. Saƙon ya tafi da muryata a ƙarshensa.

Cikin sati ɗaya saƙon ya bar garinmu. Na farkon ba shi da suna, wannan kuwa yana da suna da sana'a da gari, kuma Hausarsa irin tamu ce. Aka soma kiran Bawa daga Buza, daga Keita, daga ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure yana amsawa kamar majo. Kofi nawa, wace irin albasa, a tace ko kada a tace. Ina jin sa ta kan katanga. Wata mata daga Garhanga takan kira kusan kullum. Uwarta ce take da ciwon, ta bar allura saboda shi, kuma tana so ta yi masa godiya.

Gidansa ya koma warin albasa har cikin ɗakina. Da sassafe sai in ji turmin Dije, ba irin dakan hatsi ba, wani daka mai laushi, jiƙaƙƙe. Na taɓa leƙawa na gan ta tana matsewa a tsumma, hawaye na zuba, ban san ko na albasa ne kaɗai ba.

Bawa ya fara ramewa. Ya ce gubar allura ce take fita. Ya koma yawo da buta biyu, ɗaya ta alwala, ɗaya ta sha, kuma ba ya iya kai ƙarshen huɗubar Juma'a bai fita ba. Ya ce albasa ce take wanke shi. Dije ta aika a ɓoye aka kira majo Salima, ta zo bisa moto da na'urarta ta awon suga. Ya karɓe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata fura, amma ya naɗe hannayensa cikin riga. Ya ce an riga an faɗa musu, na'urar an saita ta ne kullum ta nuna lamba babba. Majo ta yi magana har ta gaji. Da za ta tafi ta tsaya ƙofata ta ce kada in bar rairayin ya bushe.

Ni da shi kuwa gaisuwa kawai. Ina jiran ya zo ya ce na yi gaskiya. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ba na neman a rage mini shi.

Sati uku bayan gwajin na je nawa rudun. Rudu rumbun kara ne da ciyawa, a kan sanduna, don iska ta riƙa ratsa albasa har farashi ya tashi. Babban maƙiyinsa gara. Saboda haka duk shekara, idan an gama lodi, muna barbaɗa wani farin gari na kashe ƙwari a gindin sanduna da kewayen wurin. Ina cikin barbaɗawa sai na ga wani layin kiyashi ya iso bakin garin ya watse, wasu suka nannaɗe nan take. Na tsaya da leda a hannu. Kwana biyu kafin Bawa ya kira ni, ni da kaina na barbaɗa wa rudunsa wannan garin, yana riƙe mini leda yana cewa in ƙara ta baya, nan gara ta fi shiga. Iska ta rufe farin da ƙura, shi ya sa ba mu gan shi ba. A wurin nan ko zuma aka zuba babu abin da zai zo.

Na same shi a zaure shi kaɗai. Wuyansa ya fito daga riga kamar na wani mutum daban. Wannan karon na yi magana a hankali. Na tuna masa ranar, da ledar, da abin da ya ce. Ya saurara har na gama.

"Kwana nawa ka yi kana biɗar wagga magana?"

"Ba biɗa na yi ba, tunawa na yi. Tashi mu tahi bayan gidana ka sake gwadawa. Ni da kai kaɗai, ba mai ji."

Ya ɗaga buta ya sha, ya daɗe yana sha. Salular tana gefensa a kan tabarma, tana haske tana mutuwa.

"Ka san mutum nawa sunka ji ni?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba." Ya goge baki. "In ce masu mi, Mahamud? In ce Bawa ya yi fitsari bisa maganin gara?"

Na ce i, haka zai ce, kuma kunya ba ta kashe mutum. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce ni ban taɓa jin ta ba shi ya sa. Ya ce in bar shi ya yi tunani. Na ce kwalabensa suna nan da sanyinsu, ko yanzu ya ce in kawo zan kawo. Salular ta yi ƙara. Ya duba, ya ce matar Garhanga ce, ya ɗauka. Ina fita na ji yana ce mata lafiya lau, sai godiya.

Na koma sau uku a cikin kwana goman da suka biyo. Sau biyu Dije ta ce yana barci. Sau ɗaya na tafi da kwalba da allura a hannuna, ya juya fuska ga bango har na fita.

Ranar wata Laraba, rana ta ɗaga sosai, ina kwance wani inji a tsakar gida, sai na ji Dije ta bayan katanga. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, zo ka ga abokinka."

Ɗakin da duhu bayan hasken waje. Abin da na fara ji numfashi ne, mai zurfi, mai nauyi, kamar na wanda ya hau dutse da kaya, alhali yana kwance. Sai wari. Ba na albasa ba, wani mai zaƙi-zaƙi kamar mangwaron da ya wuce nuna. Da idona ya saba, na ga wani farin zobe a ƙasa. An zagaye ƙafafun gadon da gari, kowace da nata, an kuma zagaye tasar fitsarin da take ƙarƙashinsa. A wajen zoben ƙasa baƙa ce. Na ɗauka inuwa ce sai da na ga tana motsi. Kiyashi ne, sun shigo ta ƙarƙashin ƙofa a layi mai faɗin tafin hannu, sun iso bakin farin sun tsaya, suna zagayawa, suna zagayawa, babu ƙara ko kaɗan.

Na dubi Dije. Ta ce Bawa ne ya sa ta. Tun daren ranar da na same shi a zaure ya ce ta ɗebo garin a rudu ta barbaɗa, kuma kada ta faɗa wa kowa. Kullum da safe takan share su ta ƙara sabo, kafin azahar sun dawo.

Na tsallaka na zauna bakin gadon. Na kira shi sau uku kafin ya buɗe ido. Leɓunansa sun tsage. Ya motsa hannu yana lalube, na gane salula yake nema, na sa masa a tafi. Ya kawo ta baki kamar yadda ya yi a fada, na taimaka masa ya danna. Bakinsa ya motsa. Na sunkuya, ban ji kalma ko ɗaya ba. Da yatsansa ya zame, abin da ya shiga gurup numfashi ne kawai, na kusan minti ɗaya.

Na kira majo, ta ce kada mu jira ta, mu nufi asibitin Madawa yanzu. Muka samu motar da take kwasar albasa, muka shimfiɗa shi a baya bisa buhunan wofi, kansa a cinyata, Dije tana kare masa rana da mayafinta. Daidai inda jar hanya take haɗuwa da kwalta, girgizar mota ta tsaya, sai na lura numfashin ma ya tsaya. Na buga wa direba rufin mota. Ya leƙo, ya dube mu, ya juya kan motar ba tare da ya tambaya ba.

Ni na wanke shi. Bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta na ɗauki tawa salular na yi vokal, na farko a rayuwata. Na faɗi komai, garin gara, zoben, hanyar Madawa. Minti shida ya yi, kuma na san da faɗa a cikinsa, don ban iya wata magana ba. Amsoshin suka shigo: Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba da haƙuri. Sharifu ya turo nasa daga Abijan yana kuka, ya ce gubar shekara huɗu ce ta riga ta ci jiki, da an fara albasa da wuri da ba haka ba. Mutane da yawa suka ce gaskiya ne. Ban ji wanda ya tura nawa wani wuri ba. Numfashin nan na Bawa da ya shiga gurup kuwa, wani ya tambaya ko salular wani ce ta danne a aljihu.

Kwana uku na zaman makoki salular Bawa ba ta huta ba. Dije ta miƙo mini ita ta ce ba za ta iya ba. Duk wanda ya kira na faɗa masa mai albasa ya rasu, kuma ya koma ga allurarsa yau ba gobe ba. Wasu suka yi salati. Wani daga Keita ya ce ni wane ne, kuma wa ya biya ni. Na nemo lambar matar Garhanga na kira da kaina. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake washegari, na sake bayan sati. Ita ma ba ta ƙara kira ba.

Bayan sadakar arba'in na shiga motar kasuwa zuwa Madawa sayen kayan gyara. Kusa da ni wata dattijuwa ce, ƙafarta ɗaya naɗe da tsumma, ɗiyarta na riƙe da salula a tsakaninsu. Sai na ji sallama. Na gane muryar Bawa a salular tun kafin ya faɗi sunansa. Na bari ya gama, sannan na ce, "Inna, mutumin ga ya rasu. Maƙwabcina ne, ni na wanke shi."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wanga? Jiya-jiya anka turo muna shi."

Na faɗa mata na garin gara. Ɗiyar ta ce Bawa ai suna da yawa, masu albasa ma haka. Na ce su saurari ƙarshen, wanda ya kira sunan ni ne. Suka sake sakawa, suka kasa kunne. Dattijuwar ta ce bai yi kama da muryata ba. A tasha na bi su ina roƙo su biya ta asibiti tunda sun riga sun zo gari. Ɗiyar ta ce to, ta ja hannun uwarta suka shige cikin kasuwa.

Na iso gida bayan la'asar. Kwalabe uku suka rage a tukunyar, majo ta ce za ta aiko a karɓa, ba a zo ba tukuna. Na ɗebo ruwa a randa na tsuguna gindin bedi. Gidan Bawa shiru, Dije tana takaba a ɗaki. Daga can wani gida, bayan katanga biyu ko uku, wata salula tana magana, iska na kawo ta tana ɗaukewa. Ga ni nan, lahiya lau. Wanda ya ji, shi tura ma ɗan'uwanai. Sai muryata, ta kira shi sau ɗaya.

Na tsaya da moɗa a hannu, ruwa na ɗiga a kan rairayi.